Facin Kente a Kafaɗar Hagu

Aboabo, Kumasi
Disamba, 2020

Zuwa ga taubashina Garzali,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da kai da mutanen ɗakinku. Mu nan alhamdu lillahi, sai mahaifiyarmu Mma da ƙafa ke damunta, ga kuma abin da ke cin zuciya.

Ba ka taɓa ganina ba, bari in faɗa maka ko ni wace ce. Ni ce Adijatu, yayar marigayi Abass. Kakarmu Sahadatu, wadda wani mai fataucin goro ya aura ya kawo Kumasi, ƙanwar kakanka Ɗalhatu ce ciki ɗaya. Mu 'ya'yan mace ke nan, kai ɗan namiji. Abass ya ba ni labari tun ranar da kuka gano juna a masallacin Mansura can Doha kake kiransa bawanka. Ni dai kada ka soma. Na girme ka, kuma bakina ya fi nasa kaifi.

Da hannu nake rubuto maka in ɗauki hoton takardar in turo, domin Mma ba ta son saƙon murya. Ta ce ita tana son abin da za a karanta mata yau, gobe ma a sake karantawa. Mijina Shehu Basakkwace ne, shi ke gyara mini rubutun, in ka ga kuskure nasa ne.

Mun gode da tsayawar da ka yi a kan jana'izar ɗan'uwanka. Allah ya saka maka. Matarsa Rukayatu ta fita takaba, tana nan tare da mu.

Mma tana da tambaya biyu. Ta farko, ta ce ka faɗa mata tsakaninka da Allah, ka ga fuskarsa kafin a rufe shi? Ta biyu, akwai wani lambu mai ciyawa a bakin teku inda yake ɗaukar hoto ranar Juma'a, kullum a gindin bishiya ɗaya. Ta ce ka je ka gano mata wurin, ka faɗa mata yadda yake. Kabarin dai ba za ta gani ba, tana so ta san inda yake zama yana dariya.

Yayarka,
Adijatu

*

Mansura, Doha
Janairu, 2021

Zuwa ga Yaya Adijatu,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na ji daɗi ƙwarai. Ina lafiya, sai mura da ba ta rasa ni a wannan lokaci. Ki gaishe mini da Mma da jiki, da Malam Shehu mai gyaran rubutu, da Rukayatu. Maganar bauta kuma ba ni na ƙirƙiro ta ba, gado na tarar. Amma tunda kin girme ni na ɗaga miki ƙafa.

Tambayar Mma ta farko tana da nauyi, kuma ba zan yi mata ƙarya ba. Ban ga fuskarsa ba. Wanda korona ta ɗauka a lokacin ba a buɗe shi ga kowa. Daga asibiti aka kawo shi a naɗe, mu 'yan kaɗan aka bari muka sallace shi, kowa da takunkumi, kowa nesa da kowa. Na so in gan shi, ba a bari ba. Wannan abu yana damuna har yau.

Lambun kuwa na je ranar Juma'ar da ta wuce. Sunansa Al Bidda. Daga unguwarmu jirgin ƙasa na Metro ɗaya ne zai sauke ka a bakinsa. Ki ce wa Mma wurin yana da girma, sai ka gaji da tafiya ba ka kai ƙarshensa ba. Ciyawa ce kore shar an shimfiɗa ta kamar darduma, ga teku a gabanka da jiragen katako irin na da, ga dogayen benaye can ƙetare. An ce a nan tsohon garin yake kafin duk waɗannan gine-gine. Akwai wasu duwatsu da mutanen dauri suka sassaƙa wa 'yan ramuka a jere. Abass ya nace wai gurbin dara ne, wai har Larabawa a wurinmu suka koya. In na yi musu sai ya ce ubangida ba ya jayayya da bawa a bainar jama'a.

Bishiyar da take tambaya kurna ce, irin tamu ta gida. Na zauna a gindinta. Larabawa da iyalansu sun shimfiɗa tabarmi suna shan shayi, Indiyawa suna ta ɗaukar hoto, kyanwoyi suna zagaya masu cin abinci. Iska mai sanyi na tasowa daga teku tana ratsa ƙashi.

Za ki yi mamaki in na ce sanyi. Ni ma kafin in zo an ce mini ƙasar nan wuta ce zalla, sai na cika jaka da riguna marasa nauyi. Watan Janairu na farko ya same ni ina gadin ƙofa haƙorana na kaɗawa. Abass ya yi mini dariya har da riƙe ciki, ya ce Bakano ya zo hamada zai mutu da ɗari. Da ya gama dariyar ya ba ni rigar sanyi. Haka yake, sai ya tsokane ka sannan ya rufa maka asiri.

Na yi masa addu'a a wurin, kuma ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka. Wani mai ban ruwa ya kashe famfonsa ya koma gefe har na gama.

Ƙanenki,
Garzali

*

Aboabo, Kumasi
Ƙarshen Nuwamba, 2022

Garzali,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da hidimar baƙi. Tun gaisuwar Babbar Salla ba mu yi doguwar magana ba. Da lafiya lau ne da na fara da tsokanarka, tunda mu muka fitar da Najeriya daga neman gurbin gasar cin kofin duniya, muna filin wasa kuna gadin ƙofa. Amma yau ba ni da bakin wasa.

Ka san na faɗa maka Rashad, telan nan na bayan masallaci, ya nemi auren Rukayatu. Mutumin kirki ne paa, na gaske. Mma da kanta ta sa albarka, aka ce a ɗaura in an gama ƙwallo. Har an sayi atamfar biki.

Ranar da Ghana ta ci Koriya, wata maƙwabciyarmu ta shigo da waya tana nuna mana bidiyon 'yan kallo a Doha, a lambun nan naku na Al Bidda inda aka kafa babban allo. Mutane na tsalle suna ihu. Sai Mma ta ce, “Tsaya! Koma baya.” Aka koma. Garzali, akwai wani mutum a cikin taron ya ba da baya, ya ɗaga hannu biyu sama. Yana sanye da rigar sanyin Abass.

Kada ka ce riguna suna kama. Wannan Mma ce ta saya masa a gwanjo zai tafi, ruwan toka, mai kauri. Daren da ake haɗa kaya dutsen guga ya ƙona ta a kafaɗar hagu, Mma ta yanko ƙyallen kente, saƙin nan namu na Ghana, ta yi mata faci da hannunta, ja da rawaya da kore. Facin yana nan a bidiyon ƙuru-ƙuru. Kuma akwatin kayansa da aka aiko mana bara, babu rigar a ciki.

Shehu ya ce ko ita ce wadda ka rubuta cewa ya ba ka. Mma ta ce a'a, Abass yana da wata baƙa da ya saya a can, ita zai bayar. Wannan kuwa ya yi mata alkawari a bakin mota cewa ba zai rabu da ita ba.

Yanzu Mma ta ce ɗanta yana raye. Ta ce an musanya gawa a asibiti, shi kuma ciwon ya taɓa masa kai ko takardunsa sun lalace yana ɓuya. Ta sa an ɗauko takardarka ta farko, ta ce in karanta mata wurin da ka ce ba ka ga fuskarsa ba. Na karanta har na haddace. Ta aika wa dangin Rashad cewa a dakata, domin ba a ɗaura wa matar aure aure.

Hankalina ya ce ya rasu, amma wallahi da na ga kafaɗar nan sai da ni ma na yi shakka. Na turo maka bidiyon. Ka je lambun, ka duba, ka tambaya. Ka amsa mini da wuri don Allah.

Adijatu

*

Aboabo, Kumasi
Disamba, 2022

Garzali,

Sallama dai wajibi ce, na yi maka. Lafiyarka kuwa ban sani ba, tunda ba ka ga damar faɗa ba.

Na rubuto, shiru. Na kira, waya a kashe. Shehu ya kira, haka. An fitar da Ghana, an fitar da wasu, har ƙwallon ta kusa ƙarewa, kai ko “na gani” ba ka ce ba. Wane irin zumunci ne wannan? In aiki ne ya yi maka yawa, layi ɗaya ba zai karya maka hannu ba.

Bari ka ji abin da shirunka ya jawo. Mma ta ce shi ne amsar. Ta ce ka same shi, ya roƙe ka ka rufa masa asiri, kai kuma ba ka iya ƙarya shi ya sa ka kashe waya. Ta sa an share ɗakinsa an wanke zanin gado. Wayar maƙwabciya ta zama tata, tana kallon bidiyon safe da yamma tana shafa gilashin da yatsa. Abinci sai an yi da gaske. Rabon da in ga tana murmushi haka tun kafin rasuwar, kuma murmushin ne ya fi ba ni tsoro.

Rukayatu ita ce abar tausayi. Jiya na same ta a bayan gida tana wanki tana hawaye. Ta ce, “Yaya, in yana raye ni mai laifi ce da na so wani. In ya rasu kuma, me ya sa nake jin kunyar addu'ar da nake yi?” Yarinyar nan ta yi takaba, ta yi jinyar Mma, ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Yanzu ba ta san ko ita bazawara ce ko matar aure ba.

Kawun Rashad ya zo da kansa. Ya yi magana cikin mutunci, amma ya ce su ba za su sa ɗansu cikin auren da ake shakka ba, in sabuwar shekara ta kama ba a warware ba kowa ya kama gabansa. Rashad ya daina bi ta ƙofar gidanmu, yana zagayawa ta bayan kasuwa.

In ka ga Abass, ka faɗa. In ba ka gan shi ba, ka faɗa. In kai ma wani abu ne ya same ka, Allah ya sa wani ya karanta wannan ya sanar da mu, domin duk faɗan nan da nake yi rabinsa tsoro ne.

Adijatu

*

Al Rayyan, Doha
Ƙarshen Disamba, 2022

Zuwa ga Yaya Adijatu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, babu abin da ya same ni. Ki gaishe da Mma, ki ce ina durƙushe ina gaishe ta. Faɗanki na karɓa duka, ban mayar da ko ɗaya ba.

Dab da fara gasar aka tashe mu daga Mansura aka kai mu wani masauki can bayan Al Rayyan. Wayata kuma ta faɗi a cikin turmutsutsu ranar wasan Koriya aka tattake ta. Daga nan aiki ya haɗiye mu, mota ta ɗauke mu ta dawo da mu, yalla yalla, wato maza maza, ba hutu. Na ce in an gama na gyara, ban san ana can ana jirana ba. Sai shekaranjiya na karɓo waya, takardunki biyu suka faɗo tare. Na karanta su a tsaye a shagon mai gyara.

Yaya, ki zaunar da Mma kafin ki karanta mata wannan. Mutumin da ke cikin bidiyon ni ne.

Rigar da na ce Abass ya ba ni ita ce wannan, mai facin. Gaskiya ne yana da baƙar, amma shara-shara ce, ta ado. Ranar da ya ga ina rawar ɗari ga zazzaɓi, ya ɗauko baƙar ya juya ta, ya mayar. Sai ya tuɓe ta jikinsa ya yafa mini. Na ce ba zan karɓa ba. Ya ce, “Khalas, magana ta ƙare, ɗan mace ne ke yi wa ɗan namiji hidima, sa kawai. Da bare ne ba zan bayar ba, amma kai jikan Ɗalhatu ne.” Ya taɓa facin ya ce, “Aikin tsohuwa ne. In ta ji za ta yi faɗa, in ta gama faɗan ta tambaya ko ta yi maka daidai.” Shi ya ƙarasa sanyin shekarar da baƙar, yana cewa mutanen Kumasi ba sa jin ɗari, alhali ina ganin yana cusa hannu a hammata. Maganar alkawarin bakin mota bai taɓa faɗa mini ba. Da na sani da na bayyana tun a takardar farko.

Ranar wasan ina hutu. Ba a yi sanyin da za a sa ta ba, har abokaina suna yi mini dariya. Na sa ta ne don launin Ghana da ke kafaɗar, na ce tunda mai ita ya yi ta burin ganin wannan gasa bai kai ba, bari rigarsa ta je. Da aka ci ta ukun na ɗaga hannu ina kiran sunansa. Ban san akwai mai ɗauka a bayana ba.

Ki ce wa Mma ban ga fuskarsa ba, wannan ba zai canja ba. Amma na ji muryarsa daga gadon asibiti tana ƙanƙancewa kullum, har ranar da ya ce in yafe masa tsokana. Na ga sunansa a jikin likkafanin, kuma da hannuna na zuba ƙasa. Abass ya rasu, Mma. Da yana raye a garin nan, ko a ramin ɓera yake da ya nemo ni ya tsokane ni. Rukayatu ba ta da miji sai wanda za a ɗaura mata, kuma ba ta yi laifin komai ba.

Jiya na koma Al Bidda. An kwance allon, ana loda ƙarafa a mota, ciyawar duk an tattake ta ta zama ƙasa, masu lambu suna dasa sabuwa. Sanyi ya sauka sosai, wurin ba kowa sai tsuntsaye. Kurnar tana nan. Na roƙi wani ɗan Nepal ya ɗauke ni hoto ta baya, hannu a sama, yadda za ku gwada da bidiyon. Ga shi na turo. Ban iya juyowa ba. Ina jin nauyin Mma ta ga fuskar wani a inda take jiran ta ɗanta.

Akwai wani ɗan Tamale, mutumin ƙasarku, da zai koma gida wata mai kamawa. Na wanke rigar na ninke, zan ba shi ya kawo mata. Ta yafe mini, na sa ta yi rashin ɗa sau biyu.

Ƙanenki,
Garzali

*

Aboabo, Kumasi
Janairu, 2023

Zuwa ga ƙanena Garzali,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da kana lafiya. Faɗan da na yi maka na janye rabi, rabin ka riƙe saboda gaba.

Na karanta wa Mma. Ba ta katse ni ba har na kai ƙarshe. Ta karɓi wayar ta dubi hotonka, ta dubi bidiyon, ta ce, “Wannan wuyan ba na Abass ba ne. Na gani tun ranar farko, ban so in gani ba ne.” Sai ta shiga ɗakinsa ta rufe ƙofa. Kukan da ba ta yi ba shekara biyu da suka wuce, ranar ta yi shi. Muka zauna a bakin ƙofar ni da Rukayatu muna yi tare da ita.

Da ta fito sai faɗa. Wai yaron nan bai taɓa jin magana ba, wai ta ɓata dare tana faci ya je ya tsaya cikin sanyi da rigar ado kamar marar uwa. Ta yi ta yi har ta gaji. Sannan ta kira Rukayatu ta kama hannunta ta ce, “'Yata, na tsare ki a bakin ƙofa ba da hakki ba. Ki yafe mini.” Washegari ta ɗaura ɗankwali, da ciwon ƙafar da komai, ta taka har gidan kawun Rashad. Ta hana a aika kowa, ta ce ita ta ɗaure ita za ta kwance. Za a ɗaura aure Juma'a ta sama. Rashad ya dawo bi ta ƙofar gidanmu, har da gaisuwa mai tsawo.

Saƙonta gare ka guda biyu ne. Na farko, kada ka kuskura ka ba ɗan Tamale rigar nan. Ta ce wanda ya bayar ya riga ya bayar, ita ba ta karɓe kyautar mamaci, kuma Kumasi ba a sanyin da za a sa ta. Na biyu, ta ce ka koma gindin kurnar ka sa rigar, ka juyo. Ta ce an hana ta ganin fuskar ɗanta, ba za a hana ta ganin ta wanda ya ji ɗuminsa ba.

Yayarka,
Adijatu

*

Al Rayyan, Doha
Janairu, 2023

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Allah ya sanya alheri a auren, ya ba su zaman lafiya. Ga hoton. Idanun da suka yi ja iskar teku ce, kada ki ƙara gishiri. Ki ce wa Mma ga ni.

Garzali

*

Aboabo, Kumasi
Janairu, 2023

Garzali,

Salamu alaikum. An ɗaura, an kai amarya, kowa lafiya.

Mma ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce kunnuwan nan na gidansu ne, irin na Sahadatu, ba a sayen su a kasuwa. Ta sa Shehu ya kai an wanke shi, ta jingina shi kusa da na Abass.

Ta ce in tambaye ka, rigar ta yi maka daidai kuwa? Domin ita a ganinta ta yi maka yawa a kafaɗa, ba ka cin abinci. Kuma ta ce ka ja zif ɗin har wuya, ɗana, iska tana shiga.

Yayarka,
Adijatu